Zauren Mai Gyara: Ku Tambaya, In Amsa

Jama'a, salamu alaikum. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto muku cikin zafin bazara, Binuwai ya ja da baya har yara suna buga ƙwallo a kan yashinsa. A irin wannan lokaci ba na iya aikin takarda sai bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, don da hantsi gumin hannu kan jiƙa shafi, jan biro ya bi ya ɓata wa mutane rubutu. Wasiƙu sun taru tun fitowar da ta wuce. Na ɗauki biyar. Ɗaya daga ciki ta ci fili fiye da sauran, ku yi mini uzuri, na daɗe ina jiran wanda zai yi mini ita.

Tambaya: Baba, na gama lise, wato babbar sakandare, a Kusseri, na ci bak, jarrabawar ƙarshenta. Ina son karanta labaran Hausa ƙwarai, kuma duk littafin da na ɗauka sai na ga kurakurai a ciki. Abokaina suka ce in nemi aikin edita. Mene ne ainihin aikin, ta ina kuma ake farawa? Daga wani matashi a Kusseri.

Amsa: Ɗana, idon da ke ganin kuskure jari ne, ka riƙe shi da kyau. Sai dai tsintar kuskuren harafi shi ne aiki na ƙarshe, kuma shi ne mai sauƙin.

Idan aka kawo mini labari, karatun farko ba na riƙe biro. Ina zama a kan tabarma kamar kowane mai karatu, in bi shi har ƙarshe. Abin da nake lura da shi kawai shi ne inda hankalina ya tashi ya tafi wani wuri. Duk shafin da na ga na fara tunanin cefane, ko na miƙe neman ruwan sha, sai in lanƙwasa masa kunne. Nan ciwon littafin yake, ko da babu kuskuren harafi ko ɗaya a wurin.

A karatu na biyu nake buɗe kaye, wato littafin rubutu. Kowane mutum na cikin labarin yana da shafinsa: shekarunsa, sunan mahaifiyarsa, unguwarsu, sana'arsa, babin da ya fara bayyana. Akwai kuma shafin lokaci da na hanya. Ba don kayen nan ba, da na bar wata baiwar Allah da cikin wata goma sha uku a wani littafi, don marubucin ya sa ta sami cikin a watan azumi, ba ta haihu ba sai bayan ƙaramar sallar shekara ta gaba. Na ga wanda aka yi wa jana'iza a babi na huɗu ya halarci ɗaurin aure a babi na goma sha ɗaya. Na ga motar haya ta bar Marwa da hantsi ta shiga Ngaundere kafin azahar, alhali tafiyar ta kusa kilomita 500, sai ka ratsa Garwa, sannan ka yi ta hawan dutsen nan mai kwana-kwana. Na ga an girbe masakwa, dawar rani, a watan Agusta, ita da ba a dasa ta sai ruwa ya ɗauke. Mai karatu na nesa zai wuce bai lura ba. Manomin Marwa kuwa, daga nan ya daina yarda da marubucin, kuma ba zai ƙara yarda da shi ba ko a kan abin da ya faɗa daidai.

Sai a karatu na uku ake zuwa kan harafi da aya da waƙafi.

Mahaifina tela ne a babbar kasuwar Garwa. Idan aka kawo masa riga gyara, jikin mai rigar yake aunawa, ko da shi a ransa ya fi son wani ɗinkin. Daga wurinsa na ɗauko rabin wannan sana'a. Ka fara da gajeren labarin wani abokinka, kyauta. Ka rubuta masa wasiƙa ta shafi ɗaya, ka soma da abin da ya yi kyau, da gaske ba don lallashi ba, sannan ka jero tambayoyi. "Me ya hana ta gaya wa yayarta?" ya fi "wannan babin bai yi ba" amfani nesa ba kusa ba. Idan abokin ya dawo maka da labari na biyu da ƙafarsa, to ka kama hanya.

Tambaya: Malam, ni Kirista ce, ina cikin zumuntar mata a majami'armu a nan Ngaundere. Na rubuta labarin wata mata da mijinta ya zama mashayin bilbil, giyar da ake dafawa a gida, ta yi ta addu'a har ya tuba. Matan zumunta sun ce ya yi kyau, amma 'yata da na ba ta, a shafi na ashirin ta tsaya, ba ta ƙara buɗe shi ba. An ce in kawo maka, sai dai na ji kai Musulmi ne. Ka gafarce ni, ina tsoron kada a taɓa mini saƙon bangaskiya. Za ka iya gyara labarin Kirista? Me kuma ya sa 'yata ta ajiye shi? Daga wata 'yar'uwa a Ngaundere.

Amsa: 'Yar'uwa, babu abin neman gafara a nan, tambayar mai kishin abinta ce. E, ni Musulmi ne, kuma na gyara labaran Kiristoci da dama.

Na farkonsu wani maƙwabcina ne ya kawo mini a unguwar Yalwa, tsohon mai bishara ne, iyayensa daga wajen Numan suka ƙetaro. Ya shigo zaurena da kaye uku an ɗaure da roba. Na ce masa, "Baba, ni ban san addininku ta ciki ba, kada in yi maka ɓarna." Ya ce, "Addinin yana wurina, ɗana. Labarin ne ba ya tafiya, shi na kawo maka." Washegari ya aiko mini jikansa da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Yana nan a kantata har yau, gefensa ya yi baƙi don buɗewa.

Ga alkawarin da nake yi wa kowane marubuci Kirista. Inda kika rubuta Yesu, Yesu zai tsaya. Ba zan mai da shi Annabi Isa ba, ba zan ƙara masa addu'ar da mu Musulmi muke ƙarawa ba, don ba bakina ne ke magana a littafin ba. Yadda tauraruwarki ta buɗe addu'arta da yadda ta rufe ta, haka zan bar su. Abin da zan bi da kyau shi ne kowace aya da kika kawo, surarta da lambarta da lafazinta. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba, daga baya kuma aka yi sababbin fassarori, lafazinsu ba ɗaya ba ne. Marubutanmu na nan da yawa da ka suke kawo aya, rabi daga tsohuwar fassara rabi daga sabuwa, wani lokaci ma su juyo ta da kansu daga Faransanci ko Fulatancin da suka ji daga bakin fasto ranar Lahadi. Ki zaɓi fassara ɗaya ki tsaya a kanta. Idan akwai wata kaka a labarin wadda ta haddace ayoyinta tun tana budurwa, ita a bar ta da tsohon lafazi, zai ma ƙara mata kama da kaka. Abin da ya shafi koyarwa da tsarin ikkilisiya kuwa, yadda ake baftisma, yadda ake cin Jibin Ubangiji, yadda dattawa ke sa mutum ƙarƙashin horo, ba na yanke hukunci a kansa. Na san 'yan Luta da Katolika da 'yan Baftis ba hanya ɗaya suke bi ba, don haka sai in sa alama in ce ki kai wa dattijon majami'arku ya duba.

Yanzu batun 'yarki. Ban ga rubutun ba tukuna, amma daga yadda kika ba ni shi a layi biyu, ina zaton tun shafi na biyar ta san ƙarshensa. Irin waɗannan labarai sun sha zuwa hannuna, na Kiristoci da na Musulmi, ciwonsu ɗaya. Matar ba ta da aibi ko kaɗan, ba ta taɓa gajiya da addu'a ba, ba ta taɓa cewa a ranta gara ya mutu kowa ya huta ba. Mijin ba shi da alheri ko ɗaya da zai sa mu gane abin da ya sa ta aure shi. Tuba ta zo a layi ɗaya, bayanta sai kuɗi da lafiya su biyo kamar an buɗe famfo. Matan zumunta sun yaba ne don saƙon nasu ne, sun riga sun yarda da shi. 'Yarki mutane take nema a ciki, ba ta same su ba.

Bari in nuna miki da wani rubutu makamancin naki, da izinin mai shi. Tubar mijin a wurinta layi ɗaya ce: daga ranar ya bar giya, gidansu ya cika da albarka. Na zagaye layin da ja, na rubuta a gefe: Ranar kasuwa fa? Abokan shansa ina suka tafi? Matar ta yarda nan take? Sati uku marubuciyar ba ta neme ni ba, har na ɗauka ta yi fushi. Da ta dawo, layin ya zama shafi shida. Ranar da aka biya kuɗin auduga, mutumin ya taho a keke, kuɗin a aljihun gaba, hanyar gida kuma ɗaya ce, ta ƙofar gidan da ake dafa bilbil. Tsamin ya tare shi tun daga gindin darbejiya. Ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa. Wani daga cikin rumfa ya kira shi da sunan da a can kaɗai ake kiransa, ya ɗaga masa ƙwarya. Ta bar shi tsaye a wurin har mai karatu ya fara jin tsoro. Sannan ya ja keken da hannu, bai hau ba, don gwiwoyinsa na rawa. Da ya shiga gida ya ɗora kuɗin a kan faifai. Matar ta ƙirga sau biyu, ta matso kusa da shi kamar za ta ɗauki wani abu a bayansa, alhali bakinsa take shinshinawa. Ya gane, bai ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba. Da dare ya tarar da tsokar nama biyu a miyarsa maimakon ɗaya.

Babu aya ko ɗaya a shafukan nan shida, kuma babu kalma ɗaya tawa a ciki, tambaya uku kawai na yi. Da na karanta wa tsohon mai bisharar nan, sai da ya sa gefen rigarsa ya goge ido.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinku, a cikin Littafinku na gan ta. Da Annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda a kan maganar matar Uriya, a Sama'ila ta biyu sura 12, bai fara da tsawa ba. Labari ya ba shi, na wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tal wadda ke ci daga abincinsa tana kwana a ƙirjinsa, attajiri mai garke ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Sai da Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci da bakinsa, sannan Natan ya ce masa shi ne mutumin. Ki duba kuma misalin ɗan da ya ɓata a Luka sura 15. An ƙare shi babban wan yana waje yana fushi, uban yana lallashinsa, ba a gaya mana ko ya shiga wurin bikin ba. An bar mai sauraro da tambayar ya tafi gida da ita. Littafin Esta kuwa, daga farko har ƙarshe ba a ambaci sunan Allah a ciki ba, amma babu mai karanta shi ya kasa ganin hannunsa. Mu ma a wajenmu, surar Yusuf da Alƙur'ani ya kira mafi kyawun labari cike take da hassadar 'yan'uwa da rijiya da kurkuku da uban da kuka ya tafi da ganinsa.

A ƙasar nan tamu ma an taɓa gwadawa an ga amfani. Ikkilisiyoyin Furotesta ne suka kafa maɗaba'ar CLE a Yawunde a 1963, kuma ba su tsaya ga littattafan wa'azi ba, suka buga ƙagaggun labarai na rayuwar mutane. Su suka fitar da littafin labari na farko na Francis Bebey a 1967, ya ci babbar kyautar adabin Afirka ta masu rubutu da Faransanci a 1968. Mutanen majami'a ne suka ga cewa labari mai gaskiya a kan ɗan Adam bai saɓa wa aikinsu ba.

Abu ɗaya ne zan tsaya a kansa ko da za mu ɓata. Idan Musulmi ɗaya ne a littafinki kuma shi ne mugun, zan tambaye ki dalili. Haka nake yi wa marubuta Musulmi idan Kirista ɗaya tal da ke labarinsu mashayi ne ko mai sayar da giya. Ba na cewa a ɓoye rikici. Akwai auren da iyaye suka hana saboda addini, akwai wanda ya sauya addini danginsa suka juya masa baya, a rubuta su yadda suke da zafinsu. Amma mu da muka ga abin da ya sami garuruwan Kolofata da Fotokol da Amcide a hare-haren Boko Haram, inda masallaci da majami'a duk suka yi zaman makoki, bai kamata alƙalaminmu ya ƙara itace a wutar ba. Ki tuna da maƙwabciyarki Musulma da ke aiko miki da naman layya, ke kuma ki aika mata da shinkafar Kirsimeti. Tana da wuri a littafin.

Ki aiko mini babi uku na farko. Kafin nan ki zauna da 'yarki, ki roƙe ta ta nuna miki daidai layin da ta tsaya, kada ki kare kanki, ki saurara kawai.

Tambaya: Kawu, makarantar Faransanci na yi, Hausa a gida na koya a nan Njamena. Na tura labarina wani rukunin marubuta a WhatsApp, suka yi mini dariya, wai rubutuna ba Hausa ba ne, kuma wai Hausarmu ta nan gurɓatacciya ce. In bari ne? Daga wata ɗiyarka a Njamena.

Amsa: 'Yata, kada ki bari. Magana biyu suka haɗa miki a ƙulli ɗaya, ɗaya suna da gaskiya, ɗaya ba su da ita.

Ta rubutu suna da gaskiya, kuma aikin sati biyu ne. Duk wanda ya bi ta lakwal hannunsa ya saba da ƙa'idar Faransanci, sai ya rubuta "tchikin guida" inda ake son "cikin gida", ya rubuta "chi" a madadin "shi", "dja" a madadin "ja", "koudi" a madadin "kuɗi". A wasiƙarki ma na gani. Ki rubuta waɗannan a takarda ki manna a bango: tch ya zama c, ch ya zama sh, dj ya zama j, ou ya zama u. Sai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ba ado ba ne. A ƙasar lamidai irin tamu, "ya tafi fada" da "ya tafi faɗa" tafiya biyu ce daban, ɗaya gaisuwa ɗaya rigima. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Wanda ya taɓa karanta Fulatancin boko ya riga ya san ɓ da ɗ, ƙ kaɗai zai ƙara. A Nijar ana rubuta ƴa, a Najeriya 'ya, ki ɗauki ɗaya ki bi shi har ƙarshen littafi. Gboard, manhajar rubutu a waya, yana da allon Hausa, ki saka a wayarki. Saura raba kalma da haɗe ta: "ya ce" da "ta zo" a rabe, "gidansa" da "motarta" a haɗe. Idan kina da niyyar shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, wannan ƙa'idar ita ce ƙofar shiga.

Batun gurɓata kuwa, a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Farkon shigata aikin, wata mata daga Marwa ta kawo mini labari. Na zauna na mai da shi Hausar Kano tsaf. Inda tsohuwa ta ce "useko" na sa "na gode". Lakwal ta koma makaranta, kilando ya koma acaɓa, duk wata gaisuwar Fulatanci na share ta. Na miƙa mata ina ganin na yi aiki. Ta karanta shafi biyu a tsaye, ta rufe, ta ce, "Malam, littafin ya yi kyau, amma ba na jin muryar innata a ciki." Ba ta ɗaga murya ba. Dare huɗu na yi ina mayar da abin da na cire, ina duba kayenta na asali layi bayan layi. Zanen aro ba ya rufe katara, ni kuwa zanen aro na ɗaura wa mutanenta.

Tun daga ranar, ga yadda nake yi. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, don a karanta ta daga Abeshe har Agadas ba tare da tuntuɓe ba. A nan zan gyara miki idan kika ce "yarinya ya zo". Amma idan mutanen labarin suka buɗe baki, su yi magana yadda ake yi a kasuwar Njamena, da "kalas" ɗinsu da "afe" ɗinsu da guntun Faransancinsu. Ki dai tsara zancen yadda baƙo zai gane ma'anar daga amsar da aka bayar, ba sai kin tsaya fassara ba. Masu yi miki dariya ba su taɓa tsayawa a gadar Ngeli, wadda ta haɗa Njamena da Kusseri, da safe sun ji harshe huɗu a bakin mai sayar da albasa ɗaya ba. Ke kin ji, kuma babu mai rubuta shi sai irinki.

Tambaya: Malam, wanda na ba gyaran littafina ya ce in cire kusan kashi ɗaya cikin uku, har da babin da na fi so. Shekara biyu na yi ina rubutu. Edita yana da wannan ikon? Daga wani malamin makaranta a Marwa.

Amsa: Malam, iko ba shi da shi. Littafinka ne, sunanka ne a bango, maganar ƙarshe taka ce. Shawara yake da ita, kuma wajibi ne ya gaya maka dalilin kowane yanka. Idan ya kasa faɗin dalili, kada ka cire ko layi ɗaya.

Amma ka ba shawarar kwana bakwai kafin ka amsa. Babin da marubuci ya fi so sau da yawa shi ne wanda ya rubuta don kansa, ya zuba tunanin mahaifinsa ko garinsu a ciki, labarin kuwa ya tsaya cik yana jiransa ya gama. Ka gwada wannan: ka ba mutum biyu littafin ba tare da babin ba, kada ka gaya musu an cire komai. Idan babu wanda ya ce akwai rami, ka adana babin, wataƙila shi ne irin littafi na gaba.

Sake aiki ba abin kunya ba ne. 'Yar garinku Djaïli Amadou Amal, littafinta da ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a Faransa a 2020 ya fara fitowa ne a Yawunde a 2017 da wani suna, aka sake zama a kansa kafin ya fito a can. Sai dai akwai iyaka. Idan edita ya fara rubuta maka shafuka da hannunsa, ya wuce gyara. A littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ɗaya yana ɗauke da suna biyu a bangonsa, na John Tafida da na East ɗin kansa. Inda hannu biyu suka yi rubutu, suna biyu ake sawa. Idan ba haka kuka shirya ba, ka ce masa ya nuna maka wurin, kai ka gyara da kalmominka.

Tambaya: Yaya, ina tsoron in aika wa edita labarina ya sace, kuma ban san yadda ake biyan ku ba. Daga wata ƙanwarka a Gidar.

Amsa: Ƙanwata, kada ki taɓa ba da kayenki na asali, ko ni ne na nema. Ki yi hoto ko ki buga a kwamfuta, ki aika wa kanki da wani amintaccenki ta imel kafin ki aika wa kowa, ranar za ta zauna a rubuce. A Kamaru akwai dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000, kuma SOCILADRA ce ke kula da haƙƙin marubuta. Na Chadi su nemi BUTDRA. Ki tambayi editan sunayen littattafai biyu da ya gyara, ki nemi masu su ki ji daga bakinsu.

Kuɗi kuwa, a yi maganarsa tun kafin a buɗe shafin farko, a rubuce, ko da a saƙon waya ne: shafi nawa, wane irin gyara, na labari ne gaba ɗaya ko na harafi kawai, sau nawa za a karanta, yaushe za a gama. Ni a kan shafi nake lissafi. Shafi goma na farko kyauta nake gyarawa, don ki ga hannuna, ni ma in ga ko zan iya yi wa labarin amfani. Idan mun daidaita, rabi a farko, rabi ranar da na mayar miki, ta Orange Money ko MoMo. Wanda ya ce ki biya duka kafin ki ga ko shafi ɗaya, ki nemi wani.

Masu aiko da rubutun hannu ta motar haya, don Allah ku sa lamba a kowane shafi, ku naɗe shi a leda biyu, damina ta kusa.